Rigar da Rana Ta Karanta a Kartiyam

Ku matso kusa, ku da kuka haifa da ku da aka haifa, ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ce Arisha 'yar Bodashi, mai fasa katantanwa, matar Barik matuƙin kwale-kwale, uwar yaro ɗaya tal. Ban zauna gaban malaman fada ba, ban san sunayen taurari ba. Baƙaƙe ashirin da biyu na mutanenmu na Finikiya su ne iyakar karatuna, su ma mijina ne ya koya mini a kan yashi, ruwa na zuwa yana shafewa, shi kuma yana sake zanawa yana yi mini dariya. Da su nake rubuta wannan. In kun ga layi ya karkace ku yi haƙuri, yatsu uku suka rage mini a hannun dama, za ku ji inda na bar biyun.

Ƙauyenmu Ras Dugal yana bakin Babban Teku, tafiyar kwana goma sha ɗaya daga Kartiyam, birnin sarakunanmu. Sana'armu rini. Akwai wata katantanwa mai ƙaya a ƙarƙashin ruwa, maza su kamo ta a kwanduna, mu mata mu fasa, mu cire wata 'yar jijiya a wuyanta. Ruwan jijiyar nan shi ne shunayyar da sarakuna ke sawa. Amma ku riƙe wannan da kyau. Sa'ad da ya fito daga jikinta ba shi da launi, kamar nonon da aka tsinka da ruwa. Sai rana ta taɓa shi yake zama ruwan ɗorawa, ya koma kore, ya koma shuɗi, ya tsaya a shunayya, daga nan ba ya sake barin tufa. Warinsa kuwa kamar tafarnuwa ta ruɓe a cikin kifi. Shi ya sa ko'ina marina suke, can bayan gari ake tura su, inda iska ba ta komowa.

Ɗana Hanun shekararsa tara. Ni dai uwa ce mai fargaba, ban musa ba. Ban taɓa barinsa ya wuce dutsen farko a iyo ba, in ya yi tari sau biyu na dafa masa saiwa. Barik yakan ce, “Arisha, ki bar yaron nan ya sha iska mana, ba ƙwai ba ne.” Na tsare shi daga teku, na tsare shi daga zazzaɓi. Ashe ba ta nan abin zai zo ba.

Wata safiya jirage uku masu kan doki suka shigo gaɓarmu. Sojoji suka sauko, a bayansu wani bafade mai suna Safut, ya toshe hanci da ƙyalle mai turare, a ɗaya hannun yana riƙe da igiya mai ƙulli. Aka jera yaran ƙauye maza. Yana bi yana auna tsayinsu, yana taɓa gashinsu. Da ya zo kan Hanun, ƙullin ya zauna daidai tsakiyar kansa. Ya juya tafin hannun yaron, ya ga shunayya har wuyan hannu, ya yamutsa fuska.

“Wannan kam, dutsen guga zai fitar da ita,” in ji shi. “Ku ɗauke shi.”

Barik ya matso ya durƙusa. “Ranka ya daɗe, ina za a kai shi?”

“Hidimar sarki.”

“Wace irin hidima ce ake auna wa yaro kai?”

Safut bai ko dube shi ba. Barik ya miƙe ya rarumi filafilin kwale-kwale, ya fasa wa soja ɗaya muƙamuƙi, haƙora suka watse a yashi. Mashi biyu suka shiga cikinsa lokaci guda, ɗaya ya fito ta baya. Na yi tsalle na kama ƙafar Hanun, wani ya sauke mini gindin takobi a goshi. Abin da na ji na ƙarshe muryarsa ce, “Inna! Inna!” tana nisa tana nisa.

Da na farka rana ta yi tsaka, ƙudaje sun riga ni isa wurin mijina. Na binne shi a yashin da ya koya mini karatu, na ɗaure goshina, na kama hanyar arewa.

Na ga abubuwa a hanyar nan. Na ƙetare kogin da ruwansa ja ne kamar an yanka garke a samansa. Na wuce garin da ake dafa yashi har ya zama dutsen da ake hangen mutum ta cikinsa. Ban tsaya kallo ba, lissafina kawai ko an ba shi abinci, ko sun san ba ya cin albasa. A kwana na takwas na faɗa hannun rundunar Ashkar, mutanen tudu, waɗanda suka sauko don su ci Kartiyam. Na same su a bakin wata rijiya suna sare wa kamammu hannuwa, suna tarawa a kwando. Biyu suka riƙo ni suka ja ni wajen kututturen. Da suka zare mini mayafi, sai mai saran ya ja da baya. Mutanen tudu ba su taɓa ganin marini ba. Hannuwana shunayya ne har gwiwa, fata ta tsage, ga wari.

“Wace cuta ce wannan?” ya tambaya.

Sai na tsinci bakina yana cewa, “Ita ta kashe ƙauyenmu kaf. Daga yatsu take farawa. Taimake ni, ɗan'uwa, riƙe ni.” Na miƙa masa hannu ina tari.

Da jifa suka kore ni. Dutse ɗaya ya same ni a kafaɗa, ban taɓa jin daɗin jifa irin na ranar ba.

Kartiyam tana kan tsibiri, tsakaninta da gaɓa bai fi harbin baka biyu ba, jiragen Ashkar kuwa sun yi mata zobe. Ina tsaye ina kallon ruwan da ba ni da hanyar ƙetarewa, sai na ji warin gida. Wata tsohuwa mai ido ɗaya ce ke loda buhunan katantanwa a kwale-kwale tana zagin masu ɗauko mata. Ita ce Birkat, shugabar marinan fada. Ta dubi hannuwana kafin ta dubi fuskata.

“Ke kuma daga wane rami? Wannan rinin kudu ne, ba ku iya tacewa ba.”

“Iya, ɗana aka kawo birnin nan. Ki shigar da ni.”

“Kowa neman fita yake, ke kina neman shiga. Ba ki da hankali ne?”

“Ba ni da shi, Iya. Tun ranar ya tafi da shi.”

Ta yi tsaki, ta ɗaga buhu. Ashe sarkin Ashkar ya hana a taɓa kwale-kwalen marina, don yana so in ya ci birnin ya tarar da rumbunan shunayya cike. Amma ba a yarda a shiga da mutum ba. Na kwanta, aka jibga mini buhuna ruɓaɓɓu. A tsakiyar ruwa masu gadi suka tsayar da mu. Wari ya hana su ɗaga buhu, sai ɗaya ya dinga caka mashi. Na uku ya shiga cinyata. Na ciji buhu har na ji ƙayar katantanwa a dasashina. Ya zare, ya ga bakin mashin ja-ja.

“Ka huda mini kaya, ɗan banza!” Birkat ta daka masa tsawa. “Shunayyar sarkinku ce ke ɗiga a mashinka. Zan faɗa masa da bakina!”

Ya goge da sauri ya ce mu wuce.

Birni ne wanda gidajensa hawa shida-shida ne, an ɗaure bakin tashar jiragensa da sarƙa mai kaurin cinyar sa. A kan ganuwa gawarwaki na reto, na waɗanda suka ce a miƙa wuya. Biyu ke mulkinsa. Akwai Sarki Yatanba'al, mai taushin hannu da zobe a kowane yatsa, akwai uwarsa Ummashtar, babbar mai tsafin gunkin Ba'al, wadda ko dattawan majalisa masu jirage ba sa haɗa ido da ita.

A karofin bayan ganuwa, Birkat na ɗinke mini cinya na ba ta labarin igiya mai ƙulli. Allurar ta tsaya a hannunta.

“Shekararsa nawa?”

“Tara.”

“Kaico. Saurara, 'yar nan. A birnin nan in abokan gaba suka kewaye mu, sarki yakan ba wa wutar Ba'al ɗansa na cikinsa, don ganuwa ta tsaya. Shekara talatin da suka wuce an yi. Ummashtar ta miƙa ɗanta na fari da hannunta, yayan wannan sarkin, ko ƙwalla ba ta yi ba. Dattawa arba'in suka bi ta da nasu. Yanzu an ce ɗan Yatanba'al ne, shekararsa tara. Kwana bakwai ke nan yana ɗakin gunki, an rufe masa fuska da fuskar yumɓu mai murmushi, ba dangin da zai gan shi kada zuciya ta karye. Jibi ne.”

Na yi amai a ƙafarta. Ba ta zage ni ba.

Aikin marinan fada ne su yi rigar hadaya, farar lilin mai bakin shunayya. Washegari Birkat ta tafi gwaji, ta tafi da ni a matsayin mai riƙe mata zare. Safut ne ya buɗe mana ƙofa, ƙyallensa a hanci. Na gane shi, amma shi bai taɓa duban fuskar marini ba, bare ya tuna ta. A tsakar ɗakin ga yaro a tsaye da fuskar yumɓu, baki a wage har kunne. Hannuwansa fari fat, an goge su har sun yi ja sun saluɓe. Na sunkuya kamar zan auna tsawon riga, na dubi ƙafar hagu. Ɗan ƙaramin yatsan a karkace yake, wanda angar kwale-kwale ta faɗa wa yana shekara huɗu, ranar da na kusa cinye Barik ɗanye.

Ya shaƙi warina. Na ji numfashinsa ya tsaya a bayan yumɓun. “In...”

Na mintsine shi a cinya, mintsinin da ban taɓa yi masa ba. “Ranka ya daɗe,” na ce, “ɗaga hannu a auna.”

Ya ɗaga. Hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin murmushin nan suna ɗiga a wuyan hannuna.

Da muka koma na ce zan je in faɗi gaban Ummashtar in gaya mata gaskiya. Birkat ta yi dariyar da ba daɗi. “Mariniya ta ce sarki maƙaryaci ne? Kafin ki rufe baki harshenki na ƙasa. Ba wanda zai ji wannan magana sai in Ba'al ne ya faɗe ta da kansa.”

Na dubi farar rigar a kan igiya. “Iya, yaya ake kai ta?”

“A akwatin itace, a rufe. Rana ba ta ganinta, ido ba ya ganinta. A ɗakin gunki ake sa masa, a lulluɓe shi da baƙin mayafi, sai a kan matakala ake yayewa.”

“Su mutanen fada, sun taɓa zuwa nan sun ga yadda ake rini?”

“Su? Tun kakan kakansu suke sa shunayya, ba wanda ya taɓa taka...” Idonta ɗayan ya ƙanƙance. “Ke. Kin iya rubutu?”

“Kaɗan.”

“Za su dafa mu a tukunyar rininmu.” Ta daɗe tana kallon rigar. “Ni na rina ta yayan sarki. Shekara talatin ina jin ƙaurin nan a abincina. Rufe tagogin.”

Da asubar ranar hadaya muka fasa katantanwa masu rai guda sittin a ɗaki mai duhu. Na fiƙe kara, na tsoma, na rubuta a ƙirjin rigar da bayanta da manyan baƙaƙe, ina lalube, don ni kaina ba na ganin abin da nake rubutawa. Da ya bushe, fara ce kamar ba a taɓa ta ba. Birkat ta cika akwatin da lubban don ya danne wari.

Da hantsi ya ɗaga duk birni ya taru a filin Ba'al. Gunkin tagulla ne, tsayin mutum biyar, ya miƙa hannuwa biyu a gangare bisa ramin wuta. Masu ganga da masu sarewa sun jeru, aikinsu su danne kuka. Mu marina an ware mu can gefe. Aka fito da shi, aka hau da shi matakala, aka yaye mayafin. Ummashtar ta ɗaga sanda ta fara kiran sunayen sarakunan Kartiyam tun daga na farko. Talatin da ɗaya ne. In ta kira na ƙarshe, sai wuta.

Na ɗaga kai. Babu rana. Ashkar sun cinna wa jiragen tasha wuta da safen, baƙin hayaƙi ya rufe sama kamar murfin tukunya.

Suna na biyar, riga fara. Na goma, fara. Na kama hannun Birkat har farcena ya shige. Na goma sha shida. Na fara tunanin ko katantanwar ta mutu kafin mu fasa, ko lubban ya ɓata ruwan, ko ma ta cikin rigar na yi rubutun. Na ashirin. Na saki hannunta, na ce in ba komai zan bi shi ramin.

A na ashirin da biyu iska ta juyo daga teku. Hayaƙin ya tsage, rana ta sauko a kan ƙirjin ɗana.

Na ashirin da biyar, wani abu kamar fitsarin jariri ya fito a lilin. Na ashirin da bakwai ya zama kore. Mai ganga ɗaya ya daina kiɗa, na kusa da shi ma ya daina. Na ashirin da tara, shuɗi. Wani dattijon majalisa, wanda aka ce 'yarsa na cikin arba'in ɗin can, ya matso yana nunawa da yatsa, ya karanta da ƙarfi:

“Ba ɗan sarki ba ne. Ɗan marina ne.”

Baƙaƙen kuwa suna ƙara nuna a idon kowa har suka zama shunayya, launin sarauta. Duk marinan da ke gefena sun san abin da suke gani. Ba wadda ta ɗaga kai. Sarki kuwa, da shunayya tun daga wuya har ƙasa, ya zube a gwiwa yana ihu, “Ba'al ya yi rubutu! Ba'al ya yi rubutu!”

Ummashtar ta taka ta cire fuskar yumɓun. Ta dubi Hanun. Na ga hancinta ya motsa, ta juyo da kai a hankali wajenmu. Har yau ban sani ba ko ta gane. Ta saki yumɓun ya tarwatse a matakala.

“Ina jikana?”

“Iya,” in ji sarki, “Iya, shi kaɗai gare ni. Na tura shi tsibirin...”

“Ni biyu gare ni. Na ba da ɗaya a nan inda kake durƙushe, kana riƙe da zanena kana kallo.”

Safut ya juya zai sulale. Dattawan nan suka rufe shi. Tsofaffi ne, ba su da makami, da sandunansu da duwatsun matakala suka yi, har abin da ya rage ba ya kama da mutum. Dogaran sarki suka zare takubba, dogaran gunki suka tare su, jini ya bi matakala yana sauka ramin wuta yana tafasa.

Ummashtar ta buga sanda. “An yi wa Ba'al alkawarin ɗan sarki, yau zai karɓa.” Ta nuna Yatanba'al. “Ubansa sarki ne. Ku ɗauke shi.”

“Iya! Ni ne fa! Iya!”

“Ku buga ganga,” in ji ta.

Ban ga saukarsa ba, na dai ji, don gangar ba ta danne ba. Ni ina tsakiyar mutane ina kutsawa da gwiwa da haƙori. Na kamo Hanun. Wani dogari ya kawo masa sara, na tare da hannu, yatsuna biyu suka faɗi a matakalar Ba'al. Ya ɗaga zai ƙara, Birkat ta rungume shi ta gaba, takobin ya shige ta har ƙota.

“Magudanar karofi,” ta ce, jini na fita ta bakinta. “Gudu, sakarya, me kike kallo!”

Muka bi magudanar da rarrafe cikin ruɓaɓɓen ruwa, muka ɓullo a gindin tsaunin ɓawon katantanwa, inda kwale-kwalenta yake ɗaure. Na cire masa rigar na nutsar. Na tuƙa da hannu ɗaya da rabi. Masu gadin Ashkar suka ji warinmu daga nesa, suka yi mana alama mu wuce.

Labarin Kartiyam ya iske ni iri biyu. Wasu sun ce ganuwa ta tsaya, tsohuwar ta dawo da jikanta ta yi mulki da sunansa. Wasu sun ce bayan wata biyu Ashkar suka shiga, ba su bar ko kare ba. Ban bincika ba.

Hanun ya yi shekara bai yi magana ba. Kalmarsa ta farko, na sa masa albasa a miya da gangan, ya ture kwanon ya ce, “Inna, kin sani fa.” Yanzu ya yi gemu, yana da kwale-kwalensa, yana wuce dutse na farko da na goma, ni kuwa ina tsaye a gaɓa har ya dawo. Ba ya rini, kamun kifi yake yi. Amma duk sabon wata nakan fasa katantanwa goma, in kira shi, in shafe masa hannuwa har gwiwa, in zaunar da shi a rana. Matarsa tana ƙorafin wari. Shi ma yakan ce, “Haba Inna, wane sarki ne zai zo neman ƙato kamata?”

Sai in ce miƙo ɗayan. Yakan miƙo.